Gajimaren Lantana

Tun da rana ta ƙara zafi ake raka tseren kekuna na mata da gajimaren inji mai ba da inuwa. Yana bin wadda ta ci zangon jiya, kuma duk wadda ta fita daga inuwarsa cire ta ake yi daga gasar.

Yau Lantana yake bi. Bayan Funtuwa tayar Uwani, 'yar ƙungiyarsu, ta yi faci. Lantana ta matse birki, dole sauran suka tsaya suna mita.

"Anti, ki tafi kawai," in ji Uwani.

"Yi aikinki, sarauniyar faci."

Kafin ta canja tayar, mutanen wani ƙauye na kusa sun shigo inuwar da jarirai da awaki. Wata tsohuwa ta dafa sirdin keken Uwani.

"'Yata, ɗaura a hankali. Waye yake korarki?"