Wanda Ya Jefa Ƙwallon

Na taka burkin tasina a hanyar Dir'iyya, a nan ƙasa mai tsarki, har hular fasinjana ta faɗi.

Tun daga filin jirgi fasinjan nan, wani jami'in wasanni daga gida, yake cika min kunne: wai shi ya jefa ƙwallon da ta ciyo wa jiharsa kofin besbol na ƙasa, wasan nan da ake jifan ƙaramar ƙwallo da hannu ɗaya.

Ƙarya yake, wallahi! Ni na jefa ta. Da sunansa aka yi min rajista, don ni ba ɗan jihar ba ne.

Na ciro tsohuwar ƙwallon daga aljihun mota.

"Yalla, ranka ya daɗe, riƙe ta yadda ka riƙe ta a ranar."

Ya tallabe ta da hannu biyu, kamar an miƙa masa jaririn wani.