Makullin Akwatin Bindigar Baba

"Ina makullin?" na tambayi Baffa Vern, ina durƙushe cikin motar Baba, wadda muke kwana a ciki in mun fita farautar barewa.

Jiya muka binne Baba. Akwatin ƙarfen da bindigarsa take ciki yana ƙarƙashin gadon motar a kulle, harsasan kuma suna wani akwatin daban.

Baffa ya goge ido. "Ubanka ba shi da na biyu wajen tsantseni. Bai taɓa tuƙi da harsashi cikin bindiga ba. Ko ya sha ya yi tatul, akwatin nan a kulle yake. Shi ya sa ƙungiyar mafarauta za ta sa wa gasar harbi ta bana sunansa."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Tun rasuwar ba ta zubar da hawaye ba. Ta zaro sarƙar da ke cikin rigarta tun ina yaro. Na ɗauka gicciye ne a jiki, ashe makulli ne.

"Ke ya ba ajiya ke nan, Darlene," in ji Baffa. "Ka ga ƙauna."

"Babu wanda ya ba ni, Vern. Ni na kafa akwatin nan, washegarin ranar da ya ɗora mini bakin bindigar a goshi, a kan gadon nan, yaron nan yana wasa a waje."

Ta miƙo mini makullin.

"Ku sa wa gasar sunansa. Saiti kam ya iya."