Kaza Ashirin, Kada Ɗaya

"Yau ma ya cinye?" in ji tsoho Telesphore, yana zuba wa Ovide miyar kuɓewa a kan shinkafa.

"Ya cinye, Baba. Ko ƙugiyar bai taɓa ba."

Sharaɗin tsohon ɗaya ne: ba zai ba Ovide, ɗan birnin New Orleans, auren 'yarsa Eulalie ba sai ya kamo kada a fadamarsu. Kwana ashirin Ovide yana rataye kaza da ƙugiya a reshe saman ruwa, kullum yana ƙara ɗaga ta, don an ce masa ƙaton kada kaɗai ke cafko ta sama. Gobe kuma za a rufe lokacin farautar kada.

"Yanzu ta fi tsayina," in ji Ovide, idonsa taf da hawaye. "Wannan dodo ne!"

Eulalie ta ƙware don dariya. Tsohon ya tsotse ƙashi.

"Yaro, shi kada ruɓaɓɓiyar kaza yake so. Kai kuwa sabuwa fil kake sayowa, wa zai bari ta lalace? Amma don Allah ka sassauto da ita, ɗazu saura ƙiris in faɗo daga kwalekwale."

Ovide ya dubi cinyar kazar da ke kwanonsa. Ya miƙe, ya zaro lambar hukuma da ake maƙala wa jelar kadan da aka kama, ya ɗaure ta a ƙugun wandon tsohon.

"Na kama kadana," ya ce. "Asabar za a ɗaura aure, kuma kai za ka sayi kajin biki."