Shaidar Harira

Barista Sharhabil ya gyara rigar lauya, ya kira shaidarsa ta ƙarshe.

In dai zancen tilas ne, a Kaduna babu mai ja da shi. Kowane mako yana gidan rediyo yana karanto wa talakawa bambancin tilas a doka, tilas a fagen yaƙi, da tilas a siyasa, yana haɗawa da Turancin da ko mai gabatar da shirin ba ya ganewa. A ofishinsa na Unguwar Rimi kuwa, shaida ba ya kai ƙarshen zance, Barista ya ƙarasa masa.

Yau ce ranarsa. Ƙarar zaɓen da ya shigar gaba ɗaya ta rataya a wuyan Harira, mai sayar da awara a Unguwar Shanu. Ita kaɗai ta yarda ta faɗa wa kotu cewa a rumfarsu ta zaɓe an tsaya wa mata da wuƙa, an ce kowace ta nuna inda ta dangwala. In ta faɗa, a soke zaɓen. In ta ƙi, shi da mai ƙararsa su kwashi kunya.

Ba a shiga akwatin shaida da goyo. Harira na kwance zanin goyonta, wani mutum da ke zaune kusa da ita ya miƙo hannu ya karɓi jaririyar, kamar yadda kowa ke karɓa wa mai jego. Shadda sabuwa fil a jikinsa. Barista ya kalle shi sau ɗaya ya gama karatunsa: maigida ne ya rako iyali.

"Malama Harira, ranar zaɓe an tilasta miki?"

Ba ta dube shi ba. Idonta na kan bencin da ta taso.

"A'a."

Ya sake tambaya, ya juya ta, ya sauƙaƙa. Wuƙa fa? Ba ta ga wuƙa ba. Da son ranta ta zaɓa. Jaririyar ta fara kuka, mutumin yana jijjiga ta yana murmushi, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin mayafinta. Alƙali ya ce a miƙa wa wata mace. Mutumin ya russuna, ya ce ai ta saba da shi.

Nan Barista ya gane komai, don shi ba a ɓoye masa abu. An saye su. Ga shaidar nan a jikin mijin, shadda tana ƙyalli. Takaici ya cika shi. Wai waɗannan ne yake ɓata muryarsa a kansu, mutanen da za su sayar da 'yancinsu a kan yadi goma.

Da aka tashi, mutumin ya miƙa wa Harira 'yarta, ya shafa kan yarinyar, ya fice ba sauri. Harira ta ƙanƙame ta tana duba wuyanta da cikinta.

Barista ya tsaya a kanta.

"Kin kyauta. Ki ce wa mijinki shaddar ta yi masa kyau."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi.

"Barista, mijina ya rasu tun ina da cikin yarinyar nan. Wancan shi ne mai wuƙar."