Gangunan da Aka Sa wa Raga

Malam Tanimu, tunda ka ce keken ɗinkin da ka sayo mai kwamfuta ne, don haka tsohon telan shagonka ya tafi gida ya huta, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani makaɗi a Jos, mai buga gangunan nan na zamani masu ƙafafun ƙarfe, waɗanda ake taka babbar da ƙafa. Tun garin yana cin kasuwar kuza yake kiɗa a wuraren biki, kuma ni na ga zamanin. Ba ƙarfin duka ne ya fitar da shi ba. Wasu 'yan ƙananan taɓe-taɓe yake yi tsakanin manyan bugu, kamar yayyafi a kan kwano, kuma su ne suka sa wata budurwa ta tsaya cak a wani biki, ta ƙi tafiya har aka tashi. Ita ya aura. Bayan shekara arba'in hawan jini ya kama ta, ƙara kaɗan sai kanta ya ɗauki sara. Ba wanda ya ce masa ya daina. Shi da kansa ya ɗauko zanen gado ya lulluɓe gangunan, suka shekara biyu a haka. Wata rana ta dubi zanen ta ce, "Malam, gidan nan ya yi shiru kamar an yi mana rasuwa."

'Yarsu da ke aiki a Legas ta ji labari, ta aiko da dabara. Aka cire fatun gangunan aka sa raga irin ta gidan sauro, sai dai ta fi kauri, wadda ko ka doke ta ba ta da murya. A bakin kowace ganga aka maƙala 'yar na'ura kamar marfin kwalba, tana jin girgizar ragar ta kai wa wani akwatin sauti, shi kuma ya fitar da kiɗan ta sifika, a rage shi yadda ake so. A baki abin ba wuya. Amma da makaɗin ya zauna ya buga sau ɗaya, sai akwatin ya amsa sau uku. Ya doki wannan ganga, waccan ta tsoma baki ba a tambaye ta ba. Aka kira wani mai haɗa sauti a sitidiyo, gwani ne kuwa a aikinsa, ya yi ta latse-latse. Ya rage wa na'urar ji, amsar banza ta tafi, ƙananan taɓe-taɓen nan ma suka bi ta. Ya ƙara mata ji, hayaniya ta dawo. Sati uku ana gyaran gangar Auzinawa. Uwargida ta saurara daga kan tabarmarta, ta girgiza kai ta ce wa mijinta, "Wannan ba hannunka ba ne." Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, ya aika wa wani mai hayar kayan kiɗa cewa ya zo ranar Asabar ya kwashe su.

Ranar Asabar ɗin, da hantsi, sai ya ɗauko tsumma yana goge su, don kada a ce ya rabu da su da ƙura. Can sai ya ga babban yatsansa yana zagaya bakin ƙaramar gangar yana dannawa, ba tare da ya sa shi ba. Aikin shekara arba'in ne. Ubangidansa da ya koya masa kiɗa kunnensa ɗaya ya mutu, saboda haka da yatsa yake ɗaure ganga, kuma da ranƙwashi ya cusa wa almajiransa wannan hali. Yatsan ya ji gefe ɗaya ya yi tauri, ɗaya gefen ya saki kamar tsohon gadon igiya. Ashe tun da aka sa ragar bai taɓa ɗaure ta ba. Ya raina ta ne, ya ce abin da ba shi da murya me za a saita masa? Shi kuwa mai sitidiyo idonsa na kan akwati, bai taɓa sa hannu a ganga ba. Ragar da ta saki rawa take ta yi bayan an buge ta, na'urar kuma ba ta yi ƙarya ba, abin da ta ji take faɗa. Tsoho ya laluba aljihun tsohuwar jakarsa ya ciro ɗan makullin ɗaure ganga. Ya ja wannan ƙusa ta bakin gangar, ya tsallaka ya ja ta gabanta, kaɗan-kaɗan, yatsa na bin sawu, har ko'ina ya daidaita. Ya ninke tsumman hannunsa ya tokare ragar da shi ta ciki, yadda suke kashe amon fata a da. Ya bi sauran gangunan haka.

Ya kunna akwatin, ya rage sauti ƙasa-ƙasa, ya buga ɗaya. Ɗaya ta amsa. Ya saki yayyafin nan, ya fito ƙwaya-ƙwaya. Da mai hayar kaya ya yi sallama, ya tarar da tsohuwa a bakin ƙofar ɗaki, ƙafarta na bin kiɗa, hawaye na zuba. Ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Bawan Allah, koma abinka. Maigidan ya dawo."

To, Malam Tanimu, keken naka zai ɗinka duk abin da aka shimfiɗa masa, amma ba shi zai ji yadin ya saki ba. Kafin ka sallami tsohon nan, ka dubi yatsunsa. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.