Cinyar Kaza a Ƙasan Tukunya

Zauna nan, Tanimu, ajiye wayar. An ce mini tun da aka ɗora ka a kan kanikawan garejinku, in an kawo kwanon rana kai ke fara sa hannu, ba ka kuma tashi sai ka tsince naman tas, ka bar wa na ƙasa da kai miya da ƙashi. Ba faɗa zan yi maka ba, gemunka ya wuce nan. Labari zan ba ka. Wani mai sayar da kayan gyaran mota ne ya ba ni shi, lokacin ina tuwon sayarwa a bakin tasha. Shekara shida ya yi a Japan.

Can suna da wata kokawa da suke ce wa sumo. Ƙattai ne, kowanne kamar rumbu, daga su sai ɗamara mai kauri, gashi a ɗaure a tsakar ka. Da'ira ake zanawa a ƙasa, wanda aka ture waje ko aka kai ƙasa ya faɗi, shi ke nan. Gida ɗaya 'yan kokawar suke zama a ƙarƙashin maigidansu, tukunya ɗaya suke ci, amma bi da bi, gwargwadon matsayi. Manya su fara, ƙanana na tsaye a bayansu suna ƙara musu shinkafa. Kafin a zo kan na ƙarshe ba abin da ya rage sai romo da ganyen kabeji. To wani ɗan masunta ya shiga irin gidan nan yana siriri kamar karan dawa. Shekara uku yana shan wannan romo, yana shara, yana cuɗa bayan manya a wurin wanka. A hankali ya yi jiki, ya yi ta kayar da mutane, har sunansa ya hau saman takardar matsayi, inda ake rubutu da manyan baƙaƙe. Ranar da ya fara zama gaban tukunya a sahun farko, ya ci ya ƙoshi, sannan ya ɗago cinyar kaza, ya yatsina fuska, ya ce kazar nan ta tsufa, ba ta taunuwa. Ya danna ta can ƙasan kabeji ya tashi. Washegari ma haka. Shekara bakwai kaza ba ta taɓa yi wa mutumin nan daidai ba. Mai girki har sau biyu yana sauya mai kawo musu kaji don haushi. Su dai na ƙasa kullum sai su tsinci cinya a ƙasan tukunya, har suka fara yin kumatu.

Ana nan wata rana gwiwarsa ta goce a filin kokawa. Su kuwa can ba ruwansu da ko wane ne kai jiya. In ba ka fito gasa ba, faɗuwa ake rubuta maka. Shekara ɗaya da rabi yana jinya, sunansa na gangarowa, har ya isa ƙasan takarda inda sai da tabarau ake karantawa. Aka karɓe ɗakinsa ya koma kwana cikin sababbin shiga, aka sa shi riƙe wa wani tawul, wanda shi da kansa ya koya wa ɗaura ɗamara. Ga shi ciwo ya ramar da shi, kuma a sana'ar nan ramamme tura ɗaya ake yi masa ya bar da'ira. In bai mayar da jikinsa ba, sai dai a aske masa tukkun nan ya koma kamun kifi da kunya. Romo kuwa bai taɓa gina ƙato ba, ya fi kowa sani. Ranar farko ya tsaya a bayan manya yana ƙara musu shinkafa har kowa ya tashi. Ya zauna, ya sa ludayi, ludayi ya ƙi nutsewa. Ya ɗaga kabeji, sai ga cinyoyi jibge, har tara. Duk wanda ya taɓa tsintar cinyar da yake bari a shekarun nan bakwai ya bar masa guda. Wanda yake riƙe wa tawul na bakin ƙofa yana sakace, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Babban yaya, kajin bana duk tsofaffi ne, ba sa taunuwa." Mai girki ya jefar da murfin tukunya ya ce shi ya gaji da mutanen gidan nan. Ɗan masunta ya ci yana dariya, hawaye na ɗiga cikin romo.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bai koma can ƙololuwa inda yake da ba. Amma cikin shekara guda ya dawo sahun masu fara ci, ya ƙara shekara uku yana kokawa, kuma ranar da aka aske masa tukku taro aka yi, kowa ya zo ya sa almakashinsa da girmamawa. Daga nan ya buɗe gidan abinci. Mai kayan gyara ya ce ya ci a can, kazar kamar auduga.

Kai ma tsakaninka da ƙasan takarda gwiwa ɗaya ce, Tanimu. Gobe in an kawo kwano, ka ce naman ya yi maka tauri. Ba banza ba magabata suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.