Awa Goma Sha Huɗu a Sama

Injiniya ya tura mata wayarsa a kan tebur. A taswirar, wani siririn layi ya tashi daga garinsu, ya ƙetare teku, ya sauka a birnin da ya samu aiki.

"Auta, awa goma sha huɗu ce kacal a jirgi. Ki aure ni mu tafi. In kewar gida ta dame ki, barci ɗaya za ki yi ki gan ki a nan."

Ko kallon wayar ba ta yi ba. Idonta na kan labulen ɗakin mahaifinta, wanda tun da mantuwa ta kama shi ba ya karɓar magani sai daga hannunta.

"Kai da awa kake auna tafiyar, ni kuwa da cokali," ta ce a hankali. "Kafin jirgin nan ya sauka, sau biyu Baba zai datse baki ya juya wa yayyena ƙeya."

Ya daɗe yana murza zoben makullinsa. "To, zan jira ki."

Daga ɗaki tsohon ya kira, "Auta?"

Ta miƙe. A bakin labule ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ka san abin da za ka jira kuwa? Don Allah kada ka sa ni fara ƙirga kwanakinsa."